Amsoshin Wasiƙunku: Ba Kowane Sitenles Ne Ke Jure Wuta Ba

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan ƙarfe da wuta suka zo, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambaya a kan fili da babur su yi haƙuri sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Mai gidan burodi daga Tudun Wada ya rubuto: "Malam, ina so in rushe tanderun itace in koma na gas. Mai waldan da na kira ya ce in ina son abin da zai daɗe sai a yi shi gaba ɗaya da sitenles lamba 310, wai shi ne wuta ba ta yi wa komai. Kuɗin da ya yanka mini ya kusa cinye jarina, ga fulawa da sukari kullum sai hawa suke yi. In ci bashi in yi, ko yaya?"

Alhaji, kada ka ci bashin ko sisi saboda wannan. Sitenles, wato ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, nau'i-nau'i ne, kowane da lambarsa da aikinsa. Burodi a zafin digiri 200 zuwa 250 yake gasuwa a ma'aunin Salshiyos, shi kuwa 310 an yi shi ne domin wuraren da zafi ke haura digiri 1000. A cikin ɗakin gashi lamba 430 ya ishe ka, in aljihu ya yarda ka sa 304 saboda tururin da ƙullu ke fitarwa. Jikin waje da ƙafafu kuwa baƙin ƙarfe da fenti mai jure zafi sun wadatar. Wurin da ya cancanci kashe kuɗi ɗan ƙarami ne, wato farantin da harshen wutar gas ke lasa kai tsaye. Nan za ka sa 309 ko 310 mai kauri, a ɗaure shi da noti yadda za a iya kwancewa a sauya shi kaɗai in ya gaji.

Ka kuma gaya wa mai waldanka abu biyu. Sitenles irin su 304 da 310 ba ya rarraba zafi da kyau, abin da yake watsawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na baƙin ƙarfe ba. In aka yi daɓen tanderun da siririn sitenles, za ka ga burodin da ke saitin wuta ya ƙone, na gefe yana fari. Daɓen bulo ko baƙin ƙarfe mai kauri ya fi. Na biyu, in ya ji wuta yana buɗewa fiye da baƙin ƙarfe, kusan ninki ɗaya da rabi. Wanda ya like shi da walda ta kusurwa huɗu bai bar masa wurin motsi ba, zai dawo ya tarar ya ƙoƙe ya yi tudu. Ragowar kuɗin ka sa a audugar da ake cusawa tsakanin bango biyu don riƙe zafi, da agogon auna zafi mai kyau, da robar ƙofa. Kuɗin gas kullum za ka biya shi, a nan ribarka take zurarewa.

Wata Hajiya daga Barnawa ta ce: "Na haɗa wa 'yata kayan kicin, har da saitin tukwanen silba da na saya da tsada. Maƙwabciyata ta manna mayen ƙarfe a gindin tukunya ya kama, ta ce an cuce ni, jabu ne. Biki ya matso, wallahi na kasa barci, ina jin kunyar a je jere a raina mu."

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Maƙwabciyarki ta ji ana faɗa ne, ba ta ji ƙarshen zancen ba. Tukunya mai kyau gindinta hawa-hawa ake yi: ciki sitenles ɗin da abinci ke taɓawa, tsakiya alminiyum don ya rarraba zafi kada tuwo ya kama ta wuri ɗaya, waje kuma da gangan ake sa wanda maye ke kamawa domin ta yi aiki a kan murhun lantarkin nan na zamani mai fuskar gilashi. Saboda haka kamun maye a gindi ba aibu ba ne, sau da yawa ma alamar an yi aikin da hankali ne. Ki duba ƙasan tukunyar, in kin ga 18/10 ko 18/8, ma'anarsa kuromiyum kashi 18, nikel kashi 10 ko 8, wato sinadaran da ake gauraya wa ƙarfe ya zama sitenles. In 18/0 ne to babu nikel, maye zai kama ko'ina a jikinta, amma ita ma halastacciya ce, sai dai bai kamata ta yi tsadar ta farko ba. Ki ɗaga ki ji nauyi, ki danna gefenta da yatsa ki ga ko tana lotsawa, ki duba yadda aka kafa mariƙi. Waɗannan sun fi maye faɗin gaskiya.

Abin da za ki koya wa amarya ya fi wannan amfani. Kada ta zuba gishiri a ruwan sanyi ya kwanta a gindin tukunya, ta bari ruwan ya tafasa tukuna, domin gishirin da ya zauna wuri ɗaya shi ke yin ƙananan ramukan nan kamar tsinin allura. Kada ta jiƙa ta da ruwan bilic ta kwana. Kada ta goge da soson baƙin ƙarfe, shi ne ke barin ɓurɓushinsa ya yi tsatsa a ce tukunya ce ta lalace. Launin bakan gizo da ke fitowa in wuta ta yi yawa ba ya cutar da kowa, lemun tsami na fitar da shi. Ga miyar da ake sa wa kanwa da kunun tsamiya kuwa, wannan tukunyar ta fi ta alminiyum nesa ba kusa ba, don kanwa cin alminiyum take yi.

Yanzu ga wasiƙar da ta ɓata mini rai. Wani matashi mai ƙaramar masana'anta a Kakuri ya ce: "Muna ƙera haƙoran injin niƙa da wuƙaƙen injin yankan ciyawa. Muna da tanderu da muke gasa su a zafin digiri 850 zuwa 900 kafin mu tsoma a mai don su yi tauri. Na sayi fallayen sitenles an buga 310S a jikinsu, na yi tire da kwandon da ake jera kaya a ciki. Ba a rufa wata ba suka fara ɓare baƙin ɓawo, suka lanƙwashe. Na koma wurin mai kayan ya ce wutata ce ta yi yawa. Ni ne da laifi?"

Ƙanena, ba wutarka ba ce. Ainihin 310, har da nau'insa 310S, yana jure har kusan digiri 1150 in wutar ba ta yankewa, in kuma ana hurawa ana kashewa irin naka yana kai wa wajen 1035. Digiri 900 ba abin da zai sa ya ɓare ɓawo cikin wata guda ba ne. Abin da na fi zato shi ne an sayar maka da 304, ko ma 201, aka buga masa lambar da ba tasa ba. Ka bar ni in yi magana mai tsawo a nan, domin kai ba na farko ba ne, kuma mu masu saye muna da namu kason na sakaci.

Sitenles ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyum, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Tun 1913 wani Bature mai suna Harry Brearley ya gano haka a birnin Sheffield na Ingila, yana neman ƙarfen da bakin bindiga ba zai riƙa cinyewa ba. Kuromiyum ɗin nan in ya haɗu da iska sai ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani, ita ke hana tsatsa shiga, kuma in an karce ta sai ta sake rufewa kamar yadda fatar mutum ke rufe rauni. A cikin wuta wannan fatar ita ce komai. In kuromiyum ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa, sai fatar ta yi kauri ta tsage ta zube, wata ta fito ita ma ta zube, haka ƙarfen zai yi ta ramewa har ya huje. Baƙin ɓawon da ka gani ke nan. Lamba 304 kuromiyum ɗinsa kashi 18 ne da nikel 8, iyakarsa wajen digiri 870 in ana hurawa ana kashewa, ka ga kana aiki a daidai bakin iyakarsa. Lamba 309 yana da kuromiyum 22 zuwa 24 da nikel 12 zuwa 15. Lamba 310 kuwa kuromiyum 24 zuwa 26 ne, nikel 19 zuwa 22. Nikel ɗin shi ke taimaka wa fatar ta manne kada ta zube a hawa da saukar zafi, shi ke riƙe ƙarfin ƙarfen, kuma shi ne mai tsadar. Da dala ake sayensa, kun kuma san inda dala take. Shi kuwa 201 an rage nikel ne aka cike gurbin da manganis, wasu nau'o'insa na ƙasa-ƙasa ma nikel ɗin bai wuce kashi 1 ba. Yana da amfaninsa a ƙarfen bene da ƙyauren ado. A cikin tanderu ba shi da wurin zama.

To ina matsalar take? Duk ukun, 304 da 310 da 201, in aka goge aka jingina da bango iri ɗaya ne a ido. Ƙyalli ɗaya, launi ɗaya, nauyi kusan ɗaya, kuma maye ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu. Ku ji wannan da kyau, ku masu yawo da maye a aljihu kuna ganin kun gama wayo: 201 ma maye ba ya kama shi. Wanda ya shirya cutar ku ya riga ku sanin haka, shi da kansa zai miƙo muku mayen ya ce ku gwada. Buga lamba kuwa da tawada ake yi, wanda ya sayi abin bugawa ya gama. Haka ake yi wa rogo kallon kitse, a biya kuɗin 310 a ɗauko 201 a kai gida ana murna an samu rangwame.

Ku dubi yadda manyan masana'antu ke yi, ba don sun fi mu kuɗi kaɗai ba. Matatun mai irin tamu ta Kaduna da aka buɗe a 1980, bututun da ɗanyen mai ke bi ta cikin tanderu kowane da lambarsa da takardarsa. Kamfanonin siminti suna kafa ƙusoshin 310 da makamantansa don riƙe bulon wuta a jikin tanderu. Masu yin takin zamani suna amfani da bututun da aka zuba da kuromiyum 25 da nikel 35. Tashoshin lantarki masu tururi suna sa 321 da 347, na farko an ƙara masa titaniyum, na biyu niyobiyum, ma'adinin da ake samu daga kwalambait ɗin da aka haƙa a tsaunukan Jos har Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950. (Abin takaici ne a ce ƙasar da ta ba duniya wannan, yau ɗanta yana sayen falle ɗaya bai san abin da ke ciki ba.) A irin waɗannan wurare babu injiniyan da zai karɓi ƙarfe don ya yi ƙyalli. Kowane falle yana zuwa da lambar narki, wato lambar tukunyar da aka narka shi a masana'anta, da takardar shaida mai nuna kashin kowane sinadari. Sai lambar da ke jikin ƙarfen ta dace da ta takarda. Bayan haka ma ba su yarda ba, sai sun ɗora masa na'urar nan mai kama da bindiga, ta XRF, wadda cikin 'yan daƙiƙu take nuna kuromiyum nawa ne, nikel nawa ne.

Mu kuwa me muke yi? Mutum zai kwana uku yana cinikin ragon layya, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya taɓa gadon baya, amma zai zuba miliyoyi a ƙarfe da baki kawai, ba rasit mai lamba, ba takarda, don mai shago ya rantse. In ka ce ya nemi takarda sai ya ce ai kunya yake ji, mutumin abokin babansa ne. Ciniki daban, zumunci daban. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya fushi don an nemi shaida, akwai su kuma da yawa a garin nan, wasu ma su kansu can sama aka cuce su ba su sani ba. Wanda ya ɓata rai don ka ce za ka gwada, ya riga ya ba ka amsa.

Ga abin da za ka yi yanzu. Ka yanko guntun abin da ya rage, ka tuntuɓi sashen nazarin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko cibiyar bunƙasa ƙarafa ta ƙasa da ke Jos, su gwada maka ko su nuna maka inda ake gwadawa. Kuɗin gwaji bai kai na falle ɗaya ba. In sakamako ya nuna nikel bai kai kashi 19 ba, ka ɗauki takardar ka koma wa mai kayan da shaidu da shugabannin kasuwa. In ya ƙi, akwai hukumar SON mai kula da ingancin kaya, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye. Gaba kuma, a rubuta lambar ƙarfe da kaurinsa a rasit kafin ka biya, ka je da ma'aunin kauri naka, don wanda ya ci amanar lamba ba zai bar milimita ba. In an ce maka 310 ne amma kuɗinsa ya yi kusa da na 304, ka juya ka tafi, araha ba ta ado. Ka yi hattara kuma da tsofaffin bututu da faranti da ake cirowa daga masana'antun da suka rufe ana sayarwa a kilo. Wani lokaci ana dacewa, amma ƙarfen da ya yi shekaru a zafin 600 zuwa 900 cikinsa yana sauyawa ya zama mai gautsi, ka buga masa guduma da sanyi ya tsage.

Ko ka samu 310 na ainihi, lanƙwashewa daban take da ɓarewa. Kowane ƙarfe in ya daɗe a zafin da ya haura 550 da kaya a kansa yana saki a hankali, yana miƙewa ba ya komawa. Tire mai faɗi siriri da aka tallafe ta baki biyu kawai zai yi ciki ko da wace lamba ce. Ka ƙara kauri, ka sa haƙarƙari a ƙasa, ka riƙa juya shi, ka kuma bar masa wurin buɗewa, don mita ɗaya a zafin 800 yana ƙaruwa da kusan santimita ɗaya da rabi. In kuma da baƙin mai ko tsohon man inji kake hura wutar, ka sani akwai farar wuta a ciki, ita da nikel ba sa ga maciji. A irin wannan hayaƙin mai yawan nikel yana iya riga mai ƙarancinsa lalacewa, shi ya sa ake da lamba 446 mai kuromiyum da yawa ba nikel.

Wani daga Kawo ya turo layi ɗaya: "Wane ƙarfe ne wuta ba ta ci har abada, kuma mai sauƙin kuɗi?"

Babu shi, Malam. Sitenles kansa yana narkewa a wajen digiri 1400. Ba ka faɗi abin da za ka yi ba, ba ka faɗi zafin ba, ba ka faɗi ko itace ne ko gawayi ko gas ba. Masu irin wannan tambayar su ne kasuwar 'yan damfara, don duk wanda ya ce musu "ga shi" za su miƙa kuɗi. Ka sake rubutowa da bayani.

Wani yaro mai koyon walda a Panteka ya ce ya haɗa bututun hayaƙi na 304 da ƙafar baƙin ƙarfe, bayan 'yan watanni ya tsage a gefen ɗinkin, tsatsa kuma ta bi layin waldar. Maigidansa ya yi masa faɗa a gaban mai kaya, yana tsoron a sallame shi.

Ɗana, kada ka karaya. Yadda ka lura da inda tsagar ta bi ya nuna mini za ka zama gwani. Masu sana'ar Panteka sun ƙera abubuwan da injiniyoyi masu digiri ke zuwa kallo, kuma duk da ɓata kaya suka koya. Ina zaton da sandar waldar baƙin ƙarfe ka yi aikin, ko kuwa da sandar lamba 308. Sitenles da sitenles na 304, sandarsa 308L. In za ka haɗa sitenles da baƙin ƙarfe, 309L ake sawa, saboda baƙin ƙarfen yana tsarma ɗinkin, ita kuwa 309 tana da rarar kuromiyum da nikel da za ta cike. Lamba 310 da sandar 310, lamba 321 da sandar 347. Ka rage wutar inji ƙasa da yadda ka saba, ka yi ɗinki gajere-gajere kana tsallakawa, ka bari ya huce. Dalili shi ne tsakanin digiri 425 da 860 kabon da ke cikin ƙarfen yana kama kuromiyum ya riƙe, sai gefen ɗinkin ya rasa mai kare shi, tsatsa ta samu hanya. Harafin L da kake gani a 304L da 308L yana nufin an rage kabon ɗin saboda wannan. Ka ware burushi da faifan gurza na sitenles kaɗai, wanda ya taɓa baƙin ƙarfe kada ya kusance shi.

Ka ji wannan kuma, ya fi aikin muhimmanci. Hayaƙin waldar sitenles ya fi na baƙin ƙarfe illa, akwai wani nau'in kuromiyum a cikinsa da ke jawo cutar dajin huhu. Kada ka yi a cikin shago rufe, kada ka sunkuyar da fuskarka a kan hayaƙin, ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Madarar da ake cewa a sha bayan aiki ba ta wanke huhu. Ka nuna wa maigidanka wannan amsar cikin ladabi.

Mai suya a Unguwar Rimi yana tambaya ko ya sayi ragar gashi ta sitenles, ko ya ci gaba da wayar da yake yankowa daga ragar shinge.

Ka daina amfani da wayar shinge yau ɗin nan. An lulluɓe ta da tutiya, tutiya kuwa tana narkewa a digiri 420, garwashi ya wuce haka nesa. Hayaƙinta na sa zazzaɓi da ciwon kai, kai ke tsaye a kansa dare duka, ragowar kuma a naman mutane take sauka. Haka shantar tsohon firij, ba ka san da me aka shafe ta ba. Ka sa a yi maka raga da sandunan 304 masu kaurin milimita 6 ko 8. Ba ka bukatar 310. Za ta yi duhu, wannan ba komai, amma ka riƙa kankare gishiri da yajin da suka manne kafin ka tashi, su ne ke cin ta ba wutar ba. In kuɗin bai kai ba, baƙin rodi tsura da aka shafa wa mai ya fi wayar shinge aminci.

Wani mai zubin tukwanen alminiyum ya ce kaskon da yake narki a ciki yana yawan hujewa, ko ya sayi na sitenles?

Kada ka saya, asarar kuɗi ce. Alminiyum a digiri 660 yake narkewa, wannan zafin ba zai dami sitenles ba, amma narkakken alminiyum yana narkar da ƙarfe a hankali ya shanye shi, sitenles bai tsira ba. Zai huje, ya kuma ɓata maka zubi. Kaskon girafait ko na silikon kabaid aka yi domin wannan aiki. Tunda kuma tukunyar abinci kake yi, ka ji tsoron Allah wajen zaɓen abin da kake narkawa. Kayan jari-bola da ke da dalma a jiki, irin su tsohon lagireto da aka like da dalma da kan batir, kada su shiga kaskonka. Yara ne ke cin abincin.

Ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa ta ce an kawo musu tayin akwatin ƙona shara na sitenles, an ce ba ya lalacewa, mai asibitin ya ɗora mata alhakin dubawa kuma tana tsoron ta yi kuskure.

'Yar'uwa, tsoron nan naki shi ne daidai, Allah ya saka miki. Sharar asibiti ana so ta ƙone a zafin da bai gaza digiri 850 ba, in ba haka ba hayaƙi mai guba kawai za ku watsa wa maƙwabta. Robobin ƙarin ruwa da makamantansu da yawa suna da kulorin, in sun ƙone suna fitar da hayaƙi mai asid da ke cin kowane irin sitenles, musamman a saman bututun hayaƙi inda yake hucewa ya zama raɓa. Akwatin ƙarfe tsura ba zai daɗe ba. Ki tambaye su: akwai bulon wuta a ciki? Kaurinsa nawa? Akwai ɗaki na biyu da ke sake ƙona hayaƙin? Akwai ma'aunin zafi? Wace lamba ce a ƙofa da ragar toka, ina takardarta? Ina suka taɓa kafa irinsa da ya shekara biyu yana aiki, ki je ki gani da idonki? Ki rubuta amsoshinsu su sa hannu, ki kai wa mai asibitin, nauyin ya sauka daga wuyanki.

Na ƙarshe daga Rigasa, ƙungiyar mata masu turara shinkafa. Sun tara kuɗin adashi, wani ya ce zai haɗa musu tukunyar tururi da tsohuwar tankin sitenles a rabin kuɗi.

Iyayena mata, a nan ba zan sassauta ba. Tankin jiƙa shanshera da kwandon da take zama a ciki ana turarawa, ku yi su da 304, zai hana tsatsa ɓata muku launin shinkafa, kuɗinku bai tafi a banza ba. Amma tukunyar da ake rufewa ruf a hura mata wuta tururi ya taru a ciki, wannan ba aikin tsohuwar tanki ba ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishiri-gishiri, yana taruwa in ruwa na tafasa yana ƙonewa, kuma 304 in ya haɗu da wannan gishirin da zafin da ya wuce digiri 60 da matsin tururi, yana yin tsaga siririya da ido ba ya gani sai ranar da ta buɗe gaba ɗaya. Shi ya sa masu ƙera irin wannan tukunya da farantin baƙin ƙarfe na musamman mai kauri suke yi. Dole ta kasance da agogon matsi, da bawul mai sakin tururi da kansa in ya yi yawa, da gilashin ganin ruwa, a kuma gwada ta da ruwan sanyi a matse kafin a hura mata wuta. Sashen duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya shi ke da alhakin duba irinta. In kuɗinku bai kai wannan ba, ku yi buɗaɗɗiya: ruwa a ƙasa, faranti mai huji a tsakiya, shanshera a sama, murfin da ba a ɗaure ba. Ku ce wa mai tankin kun gode, ku riƙe kuɗinku.